Wakilcin Kirista Ya Wuce Ambulan Zakka

Kwanakin baya na halarci wata sujada inda aka sanar cewa kan maganar ranar shi ne wakilcin Kirista, wato riƙon amanar abin da Allah ya danƙa wa mai bi. Na gyara zama, domin na daɗe ina ganin muna da ƙarancin koyarwa a kan wannan batu. Mai wa'azi ya buɗe Malakai 3:10, kuma tun daga nan har addu'ar rufewa bai fita daga zancen kuɗin da ake sakawa a akwatin baiko ba. Ya lissafa albarkun mai bayarwa, ya lissafa la'anar mai hanawa, sannan aka bi layi-layi ana raba ambulan. Wata tsohuwa da ke gefena ta daɗe tana lalube cikin jakarta, wani saurayi kuma da na san ya jima ba shi da aiki ya sunkuyar da kai bai sake ɗagowa ba. Na fito raina a ɓace.

Ina ganin mun ƙuntata wakilci, mun mai da shi wani suna na tara kuɗi, kuma wannan ƙuntatawa tana cutar da mu ta fuska biyu. Tana sa mai bi ya ɗauka cewa da zarar ya fitar da kashi ɗaya bisa goma ya gama da Allah, sauran tara nasa ne ya yi yadda ya ga dama da su. Tana kuma sa shugabannin ikilisiya su manta cewa su ma amana suke riƙe da ita, kuma akwai lissafin da za su bayar. Wakilci ya shafi dukan abin da ke hannun mutum, da kuɗinsa da lokacinsa da basirarsa da ƙasar da yake takawa, kuma ya hau kan mai karɓar baiko kamar yadda ya hau kan mai bayarwa.

Mai kaya daban, mai riƙon kaya daban

Tushen maganar a fili yake cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 24:1 ta ce duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. A Farawa 2:15 an sa mutum cikin gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, ba a ce an mallaka masa ita ba. Lokacin da Dawuda da jama'arsa suka tara dukiya mai ɗimbin yawa domin ginin Haikali, addu'arsa a 1 Tarihi 29:14 ta amsa cewa komai daga wurin Allah yake, kuma daga cikin nasa ne suka miƙa masa.

Wanda ya fi nuna mani kamannin wakili shi ne Yusufu a gidan Fotifar. Farawa 39 ta ce maigidan ya danƙa masa dukan abin da yake da shi, har bai damu da sanin komai ba sai abincin da zai ci. Yusufu yana da iko na gaske a gidan, yana saye yana sayarwa, yana ba bayi umarni, amma ko tsinke bai mallaka ba. Da matar maigidan ta neme shi, hujjarsa ta farko ita ce amanar da aka ba shi da iyakar da aka gindaya masa. Mutumin da ya san iyakarsa a gidan Fotifar shi ne daga baya aka ba shi rumbunan Masar, ya tara kashi ɗaya bisa biyar na amfanin shekara bakwai na ƙoshi, ya ceci ƙasashe daga yunwa. Babu ambulan a wannan labari ko ɗaya, amma wakilci ne daga farkonsa har ƙarshensa.

Kashi taran da suka rage

A nan ne damuwata ta fi yawa. Idan komai na Allah ne, to tambayar da za a yi mana ba za ta tsaya a kan abin da muka saka a akwati ranar Lahadi ba, za ta bi mu har gida, da kasuwa, da wurin aiki.

Na san wani ɗan'uwa da ba ya wasa da zakkarsa ko kaɗan. Ranar da albashi ya shigo, kafin ya taɓa komai sai ya ware kashi goma, ya rubuta sunansa a bayan ambulan da kyakkyawan rubutu, ya ajiye cikin Littafinsa Mai Tsarki. A gabana kuma magini da ya gyara masa katanga ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, siminti bai gama fita daga yatsunsa ba, yana roƙon cikon kuɗin aikinsa domin ɗansa na kwance ba lafiya. Aka ce masa ya dawo mako mai zuwa, kuma ba wannan ne karon farko da aka faɗa masa haka ba. Mutumin ya yi godiya, ya juya ya tafi a hankali. Ɗan'uwan nan bai ga wata alaƙa tsakanin ambulan da maginin ba, kuma ban ɗora masa laifin duka ba, domin ba a taɓa koya masa cewa akwai alaƙa ba.

Alaƙar kuwa a rubuce take. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙwadago hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin a kansa ya sa zuciyarsa. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Yesu da kansa, a Markus 7:9-13, ya tsauta wa waɗanda suke ce wa iyayensu abin da za su taimake su da shi ya riga ya zama keɓaɓɓe ga Allah, suna fakewa da ibada domin su kauce wa hakkin iyaye. Manzo Bulus ya ce a 1 Timoti 5:8 wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Biyan bashi a kan lokaci, cika mudu, zuwa aiki a kan sa'a da yin aikin da ake biyan mutum dominsa, kuɗin makarantar yara, kula da tsofaffin iyaye, duk waɗannan suna cikin lissafin wakili. Har ɓarna ma tana ciki: bayan Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage domin kada kome ya lalace, aka cika kwando 12.

John Wesley, mai wa'azin ƙasar Ingila wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791, ya taƙaita koyarwarsa a kan kuɗi cikin umarni uku: a samu iyakar abin da za a iya samu, a adana iyakar abin da za a iya adanawa, a bayar da iyakar abin da za a iya bayarwa. Mutane suna yawan maimaita wannan, amma suna tsallake sharuɗɗan da ya gindaya wa na farkon, wato kada samun ya cutar da lafiyar mutum, ko ransa, ko maƙwabcinsa. Hanyar da kuɗi ya bi ya shigo ma tana cikin wakilci, kuma babu yawan baiko da zai wanke kuɗin da aka samu ta hanyar cuta.

"Kana so mutane su daina ba da zakka ke nan?"

Na san wannan ita ce tambayar farko da za a jefo mani, kuma amsata a'a ce. Ikilisiya tana bukatar kuɗi, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 9:14 Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci abincinsu ta wurin bishara, kuma ikilisiyar da ke barin fastonta da iyalinsa cikin yunwa ta ci amana. Ware kashi ɗaya bisa goma horo ne mai kyau, yana karya ƙarfin son abin duniya a zuciya, ni ma ina yi kuma ina ƙarfafa kowa ya yi.

Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki aya ɗaya a rufe sauran. A Matiyu 23:23 Yesu ya ga mutanen da suke fitar da zakka har ta ƙananan ganyayen ƙamshi na lambu, amma sun yar da muhimman al'amuran Shari'a, wato gaskiya da jinƙai da aminci, ya ce waɗannan ya kamata su yi ba tare da sun bar waɗancan ba. Ko a Tsohon Alkawari ma zakka ba ta tsaya a kan masu hidima kaɗai ba. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar amfanin wannan shekara a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ban cika jin an karanta wannan wuri ranar da ake wa'azin zakka ba.

Tsohuwar nan mai lalube cikin jaka, da saurayin da ya sunkuyar da kai, su ne irin mutanen da wannan doka ta tanadar wa rabo. Mu kuwa mun sallame su da nauyin laifi a zuciya. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 8:12 ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma a 9:7 ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Ana yawan kawo mana gwauruwar da ta saka 'yan kuɗinta biyu na ƙarshe a Markus 12:41-44, kuma lalle Yesu ya yabe ta. Sai dai aya ta 40, wadda take dab da labarin, tana la'antar malaman da suke cinye gidajen gwauraye. Duk mai wa'azin da zai karanta ɗaya ya kamata ya karanta ɗayar da rawar jiki.

Akwai kuma koyarwar da ta mai da bayarwa ciniki: ka shuka kaza, Allah zai mayar maka ninki kaza cikin kwana kaza. Allah yana sa wa mai bayarwa albarka, ban musa ba, amma wakili ba ya ba Maigidansa rance da ruwa daga cikin kayan Maigidan. Lokacin da Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sami ikon Ruhu, a Ayyukan Manzanni 8:18-20, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci za a sayi baiwar Allah da kuɗi.

"Gumina ne, ni na sha wahala"

Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba na raina shi. Mutum ya yi shekaru yana karatu, ko yana tashi da asuba yana fafutuka, sai a ce masa abin da ya tara ba nasa ba ne. Littafi Mai Tsarki bai hana mallaka tsakanin mutum da mutum ba. Bitrus ya ce wa Hananiya a Ayyukan Manzanni 5:4 cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuma kuɗin yana ƙarƙashin ikonsa bayan ya sayar. Ƙaryar da ya yi ita ce laifinsa. Saboda haka babu fasto ko dattijon da ke da ikon ƙwace wa mai bi kayansa da sunan wakilci.

Amma a gaban Allah maganar ta sauya. Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ta gargaɗi Isra'ilawa kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo masu dukiya, domin Ubangiji ne yake ba da ikon samunta. Lafiyar da mutum ya yi aikin da ita, ƙwaƙwalwar da ta riƙe karatun, iyayen da suka kai shi makaranta, ƙofar da ta buɗe masa ta rufe wa wanda ya fi shi ƙoƙari, wanne ne a ciki ya ƙera da hannunsa? Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba. Har yau ban ga wanda ya iya ba da amsa ba. Mai arzikin nan na Luka 12:16-21, wanda ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, bai yi sata ba, bai cuci kowa ba. Ya dai yi lissafinsa shi kaɗai kamar babu Mai shi, kuma a daren nan aka nemi ransa.

Haka maganar ƙasa take. A Littafin Firistoci 25:23 Allah ya ce ƙasar tasa ce, mutane baƙi ne masu zama a wurinsa, kuma ya umarta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai. Wanda ya sare itatuwa bai dasa ba, ko ya zuba dattin masana'antarsa cikin ruwan da wasu ke sha, kayan Maigida ya ɓata, kuma jikokinsa ne za su biya.

Baiwar da ke zaune a benci

Ƙuntata wakilci ga kuɗi ya sa mun makance ga wata dukiya da ta fi kuɗi yawa a cikin ikilisiya. 1 Bitrus 4:10 ta ce kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu, kamar amintaccen wakilin alherin Allah iri-iri. Duk da haka, idan aka ce baiwa, tunaninmu ba ya wuce wa'azi da waƙa.

Fitowa 31 ta ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya ce ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Ma'aikacin hannu ne, kuma Ruhu ne ya ba shi gwanintar. A Yafa, lokacin da Dokas ta rasu, gwauraye sun kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Babu wa'azinta ko ɗaya da aka rubuta mana, allura da zare ne hidimarta. A kowace ikilisiya akwai ma'aikaciyar jinya da za ta iya auna hawan jinin tsofaffi, da malamin lissafi da zai iya zama da yaran da jarrabawa ke kayarwa, da makaniki ko tela da zai iya ɗaukar marayu biyu ya koya masu sana'a. Suna zuwa suna tafiya shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka iya, aljihunsu kaɗai ake tambaya.

Wani zai ce shi ba shi da wata baiwa ta a zo a gani. Misalin talanti a Matiyu 25:14-30 ya amsa masa. An ba bawa ɗaya talanti 5, wani 2, wani 1, kowa gwargwadon iyawarsa. Talanti guda ya kai dinari 6,000, dinari kuwa ladan yini ne na ɗan ƙwadago, wato wanda aka ba mafi ƙanƙanta ma an danƙa masa ladan aikin kusan shekara 20. Mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya suka samu, kalma da kalma, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Na ukun bai saci komai ba, ya tona rami ya binne, ya mayar da kayan cif yadda aka ba shi, kuma dalilin da ya bayar shi ne tsoro. Wannan tsoro na kada a yi kuskure, kada a yi dariya, kada a ce mutum yana neman suna, ya binne baiwa mai yawa a cikinmu, kuma shugabannin da ba sa ba matasa da mata dama suna taya haƙa ramin.

Masu karɓa ma za su ba da lissafi

Wannan ne ɓangaren da aka fi gudu, shi ya sa na ga dole in tsaya a kansa. Idan mai bi ya tambayi yadda aka kashe baiko, sau da yawa amsar da yake samu ita ce kuɗin Allah ne, ka bayar ka manta, ko a jefe shi da ayar da ta ce kada a taɓa shafaffu na Allah. Ni a ganina kasancewarsa kuɗin Allah shi ne babban dalilin da ya sa dole a yi bayaninsa.

Dubi yadda Bulus ya yi da gudummawar da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara domin matalautan Urushalima. A 1 Korintiyawa 16:3 ya ce Korintiyawa su zaɓi mutanen da suka amince da su, su kai kyautar. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka naɗa, kuma ya faɗi dalilinsa a fili: domin kada kowa ya sami abin zargi game da wannan babbar kyauta, gama yana so ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Manzo ne, shi ya kafa ikilisiyar, amma bai ce su yarda da shi kawai ba. Idan Bulus bai ga tambaya a matsayin raini ba, ban san wanda ya isa ya gan ta haka ba.

Kuma wannan tsari ya girmi Bulus. Fitowa 38 ta kawo lissafin zinariya da azurfa da tagullar da aka yi aikin alfarwa da su, bisa umarnin Musa, a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna. A zamanin sarki Yowash, magatakardan sarki da babban firist tare suke buɗe akwati su ƙirga kuɗin gyaran Haikali. Ezra ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa firistoci kafin su tashi zuwa Urushalima, da suka isa aka sake aunawa aka rubuta nauyin komai. Da gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon yau da kullum, manzanni ba su kira masu ƙorafin 'yan tawaye ba, sun ce jama'a su zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. Akwai ma abin da ban taɓa gani da idona ba: a Fitowa 36:5-7 ma'aikata suka gaya wa Musa cewa abin da jama'a ke kawowa ya fi ƙarfin aikin, sai ya sa aka yi shela a daina kawowa.

Za a ce bayyana lissafi yana jawo gardama, kuma yana nuna rashin amincewa da bayin Allah. Gardamar da ake yi a kan takarda a gaban kowa ta fi sauƙin kashewa a kan raɗe-raɗin da ke yawo a bayan fage, wanda yake cin sunan fasto mai gaskiya ba tare da ya sami damar kare kansa ba. Batun amincewa kuma, cikin almajirai 12 wanda ke riƙe da jakar kuɗi shi ne yake ɗiba daga ciki, kamar yadda Yahaya 12:6 ta faɗa. Barin mutum ɗaya da kuɗin jama'a ba mai dubawa jefa shi cikin jaraba ne, kuma ƙauna ba ta yin haka.

Abin da nake roƙon dattawanmu da fastocinmu ba shi da wuya. Mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baiko tare, su rubuta, su sa hannu kafin su tashi. Kada mai sa hannu a fitar da kuɗi ya zama shi ne mai ajiye littafin. A kawo wani daga waje ya duba littattafan a kai a kai, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, a bar su su yi tambaya ba tare da an harare su ba. A cikin wannan rahoto a nuna, da adadi, nawa ne ya tafi gini da kayan sauti, nawa ne kuma ya isa hannun gwauraye da marayu da marasa lafiya na cikin ikilisiyar.